Kai Riƙe Littafi, Ka Bar Mini Wasa

A ƙarshen watan Nuwamba na 2022, bayan sallar isha'i, ina zaune a shagon aminina tela a nan ƙaramar hukumar Dala. Yana ta fama da wata riga da mai ita ya ce da safe zai zo karɓa, sai ya ɗage ƙafa daga kan keke ya ce, "Mutumina, wasa nake so mu yi a unguwar nan." Tare muka yi makarantar allo da shi, tare muka yi tashe muna yara. Shi ne kullum mai manna gemun auduga ya zama tsoho, ni kuma ni ke riƙe ƙwaryar da ake zuba mana hatsi da 'yan kwabbai. Don haka da ya ce wasa, na san irin wanda yake nufi.

Abin da ya tayar da maganar daga ƙanwarsa ya fito. Tana koyarwa a Islamiyyar matan aure da dare. Wata rana ta tambayi ajinta su wa suka yi rajistar zaɓe kafin a rufe a ranar 31 ga Yuli, hannuwa da yawa suka tashi. Da ta ce to wa zai je karɓar katinsa idan an fara rabo ranar 12 ga Disamba, sai aka yi shiru, can wata ta ce, "Malama, ai maigida zai karɓo mana." Sauran suka gyaɗa kai. Ga shi kuwa hukumar zaɓe ta faɗa ta maimaita cewa ba a karɓar wa wani kati, kowa sai ya je da ƙafarsa. Kuma wannan karon da na'urar BVAS za a tantance mutum, ta yatsa ko ta fuska, wanda ba shi da katin dindindin ba zai dangwala ba, 'yar takardar wucin gadi ba za ta yi masa amfani ba. Wato mata da yawa za su zauna suna jiran abin da ba zai zo ba, har a rufe.

Na ce masa ni fa ban iya wasa ba, ko a taron biki aka miƙo mini makirfo muryata rawa take yi. Ya ce ba wannan yake nema a wurina ba. "Kuɗi nake tsoro. Duk abin da abokai suka fara, da zarar kuɗi ya shiga, sai ka ji an daina gaisawa. Kai kuwa aikinka ke nan a Kwari." Gaskiya ne, shekara tara ke nan ina riƙe wa maigidana lissafin atamfa da shadda a Kantin Kwari. Washegari na sayi littafi mai bango mai tauri, na ja layi uku a shafin farko: suna, abin da ya shigo, abin da ya fita.

Mu biyar ne a farko. Ban da ni da tela da ƙanwarsa, akwai wani yaron kirki mai gyaran waya a Farm Centre wanda ya iya haɗa sauti, da wani direban adaidaita sahu mai murya kamar ganga. Muka zauna muka lissafa abin da za mu buƙata don wasa shida a wurare shida: hayar lasifika da makirfo biyu, man janareta, fitila, ruwan leda ga 'yan wasa, data, kuɗin mota. Ya kama naira 85,000. Muka ce karo-karo za mu yi a cikin unguwa, ni kuma na kafa sharaɗi uku kafin in karɓi ko kwabo. Duk wanda ya bayar sai an rubuta sunansa. Ba wanda zai bayar da fiye da naira 10,000. Ba za mu karɓi kuɗin ɗan takara ko na jam'iyya ba. Sharaɗi na biyu shi ya fi jawo mini magana, har wani Alhaji mai son mu da alheri ya ce ai raini ne ya kawo dubu talatin a mayar masa da ashirin. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce masa a kasuwa na koyi cewa wanda ya fi zuba jari shi ke da ta cewa, ko bai buɗe baki ba. Ya yi shiru ɗan lokaci, ya karɓi canjinsa, daga baya ma shi ya ba mu aron tabarmi. Cikin kwana goma mutum 47 suka tara naira 71,500. Mai shayin bakin layi ya ba da dubu ɗaya, almajirin da ke yi wa tela guga ya ba da ɗari biyu, ya tsaya har sai da ya ga na rubuta sunansa.

Sai neman izini, wanda shi ma ni aka ɗora wa. Na yi wanka na sa manyan kaya, muka je zauren mai unguwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan ne suke son yin wasan wayar da kai a kan katin zaɓe." Bai bari na ƙarasa ba ya ce, "Na wace jam'iyya ne?" Wannan tambayar ita muka yi ta sha a ko'ina, kuma ba na ganin laifin masu yin ta. An buɗe yaƙin neman zaɓe tun ƙarshen Satumba, gari ya ɗauki zafi, kowane bango ya cika da hotuna, 'yan jagaliya suna yawo. Na buɗe masa littafi ya ga sunayen mutanensa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ya ce, "To, 'ya'yana, ku je wurin dagaci, ku ce ni na turo ku. Ku kuma rubuta wa 'yan sanda takarda, kada a ga taro a ce ba a sani ba." Muka yi duk wannan cikin kwana huɗu, muka kuma sanar da 'yan sintirin unguwa.

Wurin liman ne maganar ta ɗauki wani salo da ba mu zata ba. Ya saurare mu da kyau, ya ce abin da za mu yi alheri ne, amma ba zai so a tsayar da mace a tsakiyar fili gaban maza ba, ba kuma zai so namiji ya yi shigar mata ba. Wasan kuwa gaba ɗaya a kan mata da miji yake. Muka fito jiki a sanyaye. A hanya tela ya tsaya cak ya ce, "Labule." Matar ba za ta fito ba sam. Za a rataya labule a gefen fili kamar ƙofar ɗaki, ƙanwarsa ta naɗi muryarta a waya, a riƙa sako ta daga bayan labulen. Ya ce ai haka rayuwar take a gidaje da yawa, ana jin muryar mace ba a ganinta. A lokacin na ɗauka dabarar kauce wa matsala ce kawai. Ashe ita ce za ta zama ƙashin bayan wasan.

Akwai wata wahala da wanda ba ya Kano a lokacin ba zai yi saurin ganewa ba, ita ce ta kayan wasa. A gwajin farko an sa yaro yana shara a ƙofar gida, mai gyaran waya ya ce a cire tsintsiya, za a ce APC muke yi wa. Wani ya zo da jar hula, aka ce a'a, Kwankwasiyya ke nan. Lema ta PDP ce, kwandon kayan marmari a lokacin na NNPP ne, hatta makullin da maigida zai rufe ƙofa da shi sai da aka tuna cewa alamar PRP ce, a unguwar da ke maƙwabtaka da Gwammaja, inda gidan jagoranta Malam Aminu Kano yake, kuwa ba wanda ya manta da wannan. Tela ya kwana biyu yana ɗinka huluna masu ruwan toka daga ragowar yadi, ya ce a nan dai ba mai cewa nasa ne.

Yanzu sai in faɗi inda na yi kuskure, domin shi ne abin da ya sa nake wannan rubutu. Da na ga ni ke riƙe da kuɗi, ni ke zuwa wurin manya, sai na fara jin wasan ma nawa ne. Na karanta Dokar Zaɓe ta 2022, na ga inda ta ce mai saye ko sayar da katin zaɓe zai iya fuskantar tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin da ya kai shekara biyu, ko duka biyun. Na ce dole a saka wannan. Na ce a saka ranakun rabo, a saka bayanin na'ura, a saka adadin mazaɓun Kano 484 a ƙananan hukumomi 44. Tela yana ta cewa "to, to," saboda nauyina da yake ji. Wasan minti goma sha biyar ya koma na minti arba'in, rabinsa wani ɗan wasa ne tsaye yana karanto bayani daga takarda.

Ranar Asabar 17 ga Disamba muka fara, bayan la'asar, a filin da ke gefen makarantar firamare. Ni na zaɓi ranar, ban lura cewa a daidai wannan lokaci Maroko ke karawa da Kuroshiya don neman matsayi na uku a gasar kofin duniya ba. Samari duk suna gidajen kallo. Yara ne suka cika gaba, da 'yan dattawa kaɗan a kan benci. Sun yi dariya lokacin da maigida ya fito yana cika baki, sun yi tsit lokacin da murya ta fito daga bayan labule. Amma da aka shiga karatun doka, ina tsaye a baya ina kallo, dattawan nan suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna kakkaɓe riga. Kafin a gama, hazo ya sauko, saura yara da mu. Mun ƙona man naira dubu huɗu.

Da dare a shago ba wanda ya yi magana har aka shanye shayi. Sannan tela ya dube ni ya ce, "Mutumina, don Allah kada ranka ya ɓaci. Kai riƙe littafi, ka bar mini wasa." Raina ya ɓaci ɗin, ba zan ɓoye ba. Na tafi gida ina lissafa zirga-zirgar da na yi, da awannin da na bari a kasuwa. Amma da na kwanta sai na tuna ba ni na ɗage ƙafa daga kan keke na ce a yi wasa ba. Shi ya ga abin a ransa, shi ya san inda mutum zai yi dariya da inda zai ji kunya. An sha ba mu labarin cewa Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi yake amfani da wasan kwaikwayo wajen sukar zalunci, kuma ban taɓa jin an ce mutane sun taru don a karanta musu sashen doka ba. Da asuba na je na same shi, na ce ya yanke duk abin da ya ga dama.

Ya mayar da shi minti goma sha biyar. Maigida ya ɗauki takardar matarsa ya tafi karɓo kati yana taƙama, aka ce masa sai ita da kanta. Ya dawo yana faɗa, a ƙofar gida ya haɗu da wani dillali mai jaka, wanda ya ce ai gara ma ya kai ta ta karɓo, shi zai sayi katin a kan dubu biyu da taliya leda biyu. Maigida ya fara lissafi da yatsu. Sai muryar nan ta fito daga bayan labule, a hankali, ba faɗa: "Malam, ranar da naƙuda ta kama ni cikin dare muka je asibitin unguwa muka tarar da shi a kulle, taliya leda nawa ce za ta buɗe shi?" A nan wasan yake tsayawa. Ba a nuna abin da maigida ya yanke ba. Direban adaidaita, wanda shi ke fitowa a maigidan, sai ya juyo ga jama'a ya ce, "Ku fa, me za ku ce mata?"

Bayanan da na matsa a saka ba a zubar da su ba, wurinsu aka canja. Aka ajiye mini tebur a gefe, da ƙananan takardu masu ɗauke da ranaku da wurin karɓa. Bayan wasa duk mai tambaya sai ya zo wurina. A wasa na biyu na kai minti arba'in a kan teburin nan ina amsa tambayoyi: wanda ya canja unguwa, wanda takardarsa ta ɓata, wanda bai san mazaɓarsa ba. Maganar tara da ɗauri ma da aka guje mata a fili, a teburin mutane da kansu suke tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

A farkon Janairu wani mutum ya same ni a kasuwa, ya ce ya ji ni ne ma'aji. Ya ce maigidansa ya ji labarin wasan ya ji daɗi, ga naira 300,000, ba a son a canja komai, a ƙarshe kawai a ce ana godiya ga mai girma wane. A ranar bashin naira dubu tara ke kanmu, mai ya yi wuya a gari, tela kuma ya yi asarar ɗinki da yawa saboda gwaji. Na ce masa sai na yi shawara. Da na kai maganar, mai gyaran waya ya ce mu karɓa, ai dukiyar talakawa ce ta dawo gida, kuma da ita za mu iya kai wasan har Kurna da Rijiyar Lemo. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Tela ya sunkuyar da kai bai ce komai ba, na kuma san dalili, kuɗin hayar shagonsa ya kusa. Ranar ce na gane amfanin mutum irina a cikin tafiyar. Wanda ya zuba ransa a abu yakan so ya ga abin ya rayu ko ta halin ƙaƙa, sai an sami wani a gefe da zai tuna masa alkawarin farko. Na buɗe littafi na karanto sunaye 47 ɗin nan har zuwa kan almajiri mai guga. Na ce waɗannan mun gaya musu ba na kowa ba ne, mai unguwa ma haka muka gaya masa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tela ya ɗago ya ce, "A mayar masa." Na je na mayar da amsa cikin ladabi. Muka daina hayar janareta, wani mai tallan maganin gargajiya ya riƙa ba mu aron lasifikarsa mai caji idan ya tashi daga kasuwa.

Abin da ya fi yin aiki ma ba a fili ya faru ba. Mai gyaran waya ya haɗa sautin wasan kaɗai, ƙanwar tela ta tura wa ɗalibanta ta WhatsApp, waɗanda ba su da babbar waya aka sa musu a katin ƙwaƙwalwa. Ta kira ni ta ce, "Yaya, matan nan fa sun ce a gaya wa mazajensu, su a shirye suke." Daga 6 ga Janairu aka sauko da rabon kati zuwa mazaɓu, aka kuma ƙara wa'adin har 22 ga wata, wato tafiya ta zo kusa. Tela da direba suka riƙa bin majalisun maza bayan magariba suna neman izini, gida-gida. Liman ya taɓo maganar bayan sallar asuba. Ni kuma na tsara jerin fita: mata shida-shida, tare da malamarsu, a adaidaita biyu, a tafi da hantsi a dawo kafin azahar.

A fita ta uku wata tsohuwa da duk unguwa ke kira Goggo ta ce sai an tafi da ita, alhali ita tana da katinta tun tuni. Rakiya za ta yi. A cikin mota ta ce mini, "Ɗan nan, kun san lokacin da iyayenmu mata ba su da ƙuri'a?" Ta ce a zaɓukan Jamhuriya ta Farko matan Arewa ba su dangwala ba, su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan irin wannan fafutuka. Ita kanta a 1979 ta fara jefa ƙuri'a a babban zaɓe, da goyo a bayanta, ta bi layi tun safe. Matan da ke motar suka yi shiru suna saurare, wata amarya da ba ta wuce shekara ashirin ba ta ce ita ba ta taɓa jin wannan ba. Da muka sauka Goggo ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini naira 500, ta ce a rubuta.

Ƙarshen Janairu ya zo da ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira. Masu adaidaita suna gudun tsoffin kuɗi, sabbi babu, masu POS sun tsawwala. Fita biyun ƙarshe, zuwa ofishin ƙaramar hukuma kafin a rufe rabo ranar 5 ga Fabrairu, da tiransifa daga asusuna na biya, na rubuta a matsayin bashi, aka biya ni daga abin da ya shigo daga baya.

Mata 63 muka raka da kanmu suka karɓi katinsu. Maza ban ƙirga ba, domin su ba sa neman rakiya. Ba mu tambayi kowa wa zai zaɓa ba. Na san wannan adadi ɗigo ne. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista a Nijeriya, kusan kashi 27 cikin ɗari ne suka fito, a Kano mai masu rajista miliyan 5.9 ƙuri'un ba su kai miliyan 2 ba. Da na ga alƙaluman nan jikina ya yi sanyi ƙwarai. Amma 63 ɗin nan na san ƙofar gidan kowacce, na kuma ga amaryar nan a layi ranar zaɓe, ta ɗaga mini hannu daga nesa.

Bayan zaɓen gwamna na 18 ga Maris, ana saura kwana biyu a ɗauki azumi, muka koma zauren mai unguwa na karanta lissafi a gaban waɗanda suka samu zuwa. Abin da ya shigo, abin da ya fita, har kuɗin igiyar labule. Saura naira 2,300, aka amince a ba mai maganin gargajiya ya canja batirin lasifikarsa. Na ja layi biyu a ƙasan shafi zan rufe littafin, sai ƙanwar tela ta aiko yaro daga cikin gida ya ce in dakata. Akwai wata ɗalibarta a layin bayan masallaci wadda mijinta ya ƙi har ƙarshe, sau uku tela yana zuwa wurinsa. Ta ce matar ta tambaye ta jiya ko yaushe za a sake rabon kati, takardarta tana nan ta adana ta a cikin jakar Alƙur'aninta. Na juya shafin baya na rubuta: mace ɗaya, layin bayan masallaci, ba ta karɓa ba tukuna.